Suruki a Bakin Rihewa

"Auren asurans," in ji Hafsa, tana share hawaye da gefen mayafi. "Haka Gwaggo ta faɗa wa Baba. Wai ba ni kake so ba, Mushe. Katina kake so."

Kalla bai amsa nan take ba. Amsar tana nan, numfashin da zai ɗauko ta ne bai iso ba tukuna.

Suna zaune a kan benci a ƙofar gidan Gwaggo Takawa, yayar mahaifin Hafsa, a Madawa. Nan Hafsa take zaune tun da ta samu aiki. Kamar kullum in Kalla ya zo hira, Gwaggo ta aiko da kaskon turaren wuta, an ajiye masa daidai ƙafafunsa. Girmama baƙo, in ji ta. Duk unguwar an lura babu baƙon da ake girmamawa da hayaƙi mai yawa haka sai mai ciwon fuka.

Ya sa ƙafa ya ture kaskon a hankali, kamar ba da gangan ba.

"Kati," ya ce a ƙarshe. "Yanzu ni da gemuna, kishiyata a wajenki ɗan guntun roba ne."

"Kada ka mai da shi wasa. Kuka nake yi."

"Ina gani. In na taya ki, ƙirjina zai rufe."

Fuka ta riga Hafsa sanin Kalla da shekaru masu yawa, kuma ita ta zaɓa masa kowace sana'a, ta hanyar korarsa daga wadda ta gabata. Yana saurayi ya je Tawa neman aikin soja. Aka ce a yi gudu. Abokansa suka dawo da kaki, shi ya dawo kwance a amalanke. Ya koyar a lakwal, makarantar boko, a wajen Keita, ƙurar alli ta sa yara suka fi sanin tarinsa da muryarsa, har aka gaji da fashinsa aka ƙi sabunta masa kwantaragi. Abin da ya tsira da shi daga wannan aiki sunan Mushe ne kawai, yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci. Wani mai tausayi ya sama masa gadin magaza, ɗakin ajiyar siminti, abin da ko maƙiyi sai ya yi tunani kafin ya yi masa. Yanzu yana zaune a shagon fotokofi na wani, ba konje, wato hutun aiki, ba asurans. Ranar da ya kwanta, aljihunsa ma ya kwanta.

Ita kuwa Hafsa kontabul ce, mai riƙe da lissafin kuɗi, a wani proje na manoman albasa. Aikin ya zo da katin asurans da ke ɗauke wa ma'aikaciya nauyin magani, ita da mijinta da ƴaƴanta. Wannan katin ne Gwaggo Takawa ta hango a idon Kalla, inda Hafsa ke hango soyayya.

"To, bari in huce wa kowa rai," in ji Kalla, ya miƙe zaune kamar mutum mai cikakken huhu. "Wallahi tallahi, ko an ɗaura, sunana ba zai hau katin nan ba."

Hafsa ta bar kukan ta zuba masa ido.

"Ka rantse?"

"Na rantse."

"Kai da famfon shaƙarka ke ƙarewa kafin wata ya mutu? Kai da na gani da idona kana girgiza fanko kana roƙonsa?" Ta tafa hannu. "Ni Hafsatu na shiga uku. Tsakanin kai da Gwaggo ban san wanda ya fi gajiyar da ni ba. Ita tana so ka mutu don kada in aure ka, kai kana so ka mutu don a ce kana sona!"

"Ba mutuwa na ce ba. Mutunci na ce."

"A wajenka ai hanyarsu ɗaya."

Ta ja majina, ta gaya masa sauran labarin. Mahaifinta, Baba Alƙasim, ya aiko daga ƙauye. Ranar Alhamis za a zuba sabon hatsi a rihewa, kuma duk mai cewa yana son ɗiyarsa ya zo gayya a ga aikinsa. Ba Kalla kaɗai aka aika wa ba. An aika wa Auwalu, dillalin albasa mai kamiyo, babbar motar kaya, wanda Gwaggo ta riga ta karɓi goronsa, ta kuma cinye.

"Ba za ka je ba," in ji Hafsa.

"Zan je."

"Ƙaiƙayi ne fa, Mushe. Ƙaiƙayi da toka. Kuma ni ba zan samu zuwa ba. Ka manta da damina?"

Bai manta ba. Da damina ciwon ya kwantar da shi a gidan likita, Hafsa ta je neman konjen jinyar iyali. Diraktar, shugaban wurin aikinta, ya karanto mata waɗanda doka ta sani da iyali: uba, uwa, miji, ɗa. Ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce bai ga mai zuwa hira ba. Sai ta ɗauki konjenta na shekara, wanda take tanadi don biki, ta ƙarar da shi kakaf a bakin gadonsa tana yi masa fifita. Tun daga ranar diraktar yake duban agogo in ta shigo.

"In na sake fita ba izini, aikin ya tafi," ta ce. "In aikin ya tafi, katin ya tafi."

"Kin ga sai a gane ke nake so."

Ta ɗauki kaskon turaren da hannunta, ta mayar daidai ƙafafunsa, ta shige gida.

* * *

Ƙauyen su Hafsa yana gaba kaɗan da Babankatami. Kalla ya isa da hantsi a bayan kabu-kabu, sanye da tsohon wando da rigar da yake ganin ta yi kama da ta manoma. Famfonsa shuɗi yana aljihun gaba, sabo fil, ya saya jiya.

Auwalu ya riga shi. Ya zo da kamiyo cike da ƴan ƙwadago, ya sauke su kamar buhuna, shi kuma ya nemi inuwa. Ƙato ne mai murya, irin mutanen da in sun yi atishawa awaki ke watsewa. Yana tsaye gaban Baba Alƙasim yana ɓantarar goro yana taunawa, yana ba da labarin farashin albasa a Abijan da baki cike.

Kalla ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana. An yi kaka lafiya?"

Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa. Siriri ne, busasshe, da rawani fari da idanun da ba sa ƙiftawa sai dole.

"Lahiya lau. Kai na mai hukar?"

"Ni ne, Baba. Amma da sauƙi sosai yanzu."

"Mu gani."

Aka kawo fura a ƙwarya. Auwalu ya karɓa ya kafa kai, ya sha har maƙogwaronsa na rawa, ya yi gyatsa ya gode wa Allah. Da aka miƙo wa Kalla sai ya sunkuyar da kai ya ce alhamdulillahi. Ƙishirwa kamar ta tsaga masa harshe, amma a gidansu an koya masa abu ɗaya tun kafin ya san amfaninsa: namiji ba ya sa komai a baki a gaban surukinsa. Ba ci, ba sha, ko tsinken sakace. Mahaifinsa ya yi shekaru yana noma wa kakansa na wajen uwa, tsohon ya mutu bai taɓa ganin haƙoran surukinsa suna aiki ba.

Rihewar Baba Alƙasim rumbun ƙasa ce irin ta Adar, mai ƙaton ciki kamar tulu, ta fi ɗaki tsawo. Ba ta da ƙofa sai baki ɗaya a can sama, inda ake hawa da tsani. Dole mutum ɗaya ya shiga ciki, ya share ragowar bara, ya barbaɗa toka saboda ƙwari, sannan a riƙa miƙo masa dammunan hatsi yana jerawa.

"Wa ka shiga?" in ji tsohon.

Auwalu ya shafa tumbinsa ya yi dariya. "Baba, ni ko na so, bakin ba shi ɗaukata. Ga yarana nan. Ko kuwa Mushe shi shiga? A'a, ku bar shi. Ku ba shi tabarma shi riƙa ƙirga muna dammuna da Faransanci."

Ƴan ƙwadago suka kwashe da dariya.

Namiji mai shekara arba'in da ɗoriya ya kamata a ce ya wuce inda dariyar ƴan ƙwadago za ta hau da shi tsani. Kalla ya san haka. Yana cikin sanin haka ya ga ƙafarsa a kan matakin farko.

Cikin rihewar duhu ne da zafi, sai haske ɗaya da ke saukowa daga baki kamar igiya. Ya sa tsintsiya sau ɗaya, ƙaiƙayin bara ya tashi ya cika wurin. Ya barbaɗa toka, ita ma ta tashi ta tarye shi. Ya ce a ransa, ba komai, in abin ya motsa sai in shaƙi famfo, wa zai gan ni a nan?

Sai hasken ya ragu.

Ya ɗaga kai. Baba Alƙasim ne ya hau tsanin da kansa, ya zauna a gefen bakin, ya leƙo da kansa ciki.

"Ni ka miƙo maka," in ji tsohon. "Ba ni barin kowa shi jera min hatsi ban gani ba."

Dami ya sauko. Kalla ya karɓa ya jera. Wani ya sauko. Kowane dami in ya faɗo sai ya saki nasa ƙaiƙayin. Can ya ji abin da ya sani sarai: wata ƴar sarewa siririya ta fara busa a ƙirjinsa.

Hannunsa ya tafi aljihu. Ya taɓa famfon. Ya dubi sama.

Idanun nan biyu suna kansa.

Ya matsa gefe. Rihewa ba ta da lungu, an gina ta ne musamman don mai ita ya ga komai daga sama. Ya juya baya, ya tuna famfon yana da ƙara, fiss, kuma a cikin wannan tulu ko numfashin ɓera amsa-kuwwa yake yi.

"Baba," ya ce, yana tsinka maganar gida-gida, "rana ta yi zafi... ko za ka sauka... ka ɗan huta?"

"Ni kaka kora daga bakin rihewata?"

"A'a, Baba."

"Amshi."

Ya amsa. Ya jera. Sarewar ta zama algaita. Ya fito da famfon ya damƙe shi a tafin hannu, yana jiran tsohon ya waiwaya ko sau ɗaya, ya yi tari, ya kori ƙuda, ya amsa sallamar wani. Baba Alƙasim bai taɓa waiwayawa daga hatsinsa ba tun da aka haife shi.

"Mi ka kuka nan ciki? Kyanwa ta shiga?"

Kalla ya buɗe baki don ya ce babu kyanwa. Iskar da zai faɗa da ita ta ƙi zuwa. Abu na ƙarshe da ya gani shi ne wani dami yana saukowa, kuma abu na ƙarshe da ya yi tunani shi ne, wannan ba a jera shi daidai ba.

* * *

Sauran labarin daga baya ya ji shi.

Tsohon ne ya dira cikin rihewar da kansa, ya warware rawaninsa ya ɗaura masa a hammata, ƴan ƙwadago suka jawo shi sama kamar guga. Da aka shimfiɗe shi a ƙasa aka ɓamɓare yatsunsa, sai ga abu shuɗi. Babu wanda ya san yadda ake aiki da shi. Auwalu ya ce a hanci ake fesawa. Wani ya ce a ƙirji ake shafawa. Baba Alƙasim ya fesa masa a fuska kamar turare, ya ga ba ta canza ba, ya sa aka kira masa Hafsa a salula.

Tana tsakiyar taro, diraktar na jawabi ga baƙi daga Yamai, aka ji kontabul ta miƙe tsaye tana ihu:

"A baki, Baba! A baki! Ku tada shi zaune, ku girgiza, ku sa mashi a baki!"

Daga nan ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta ko dubi inda diraktar yake ba.

A kamiyon Auwalu aka kawo shi Madawa, jingine da tsofaffin buhunan albasa. Auwalu ya yi ta danna oda, motar na ta ƙara, tun daga Babankatami, don kowane ƙauye ya shaida wanda ya yi taimako.

Da la'asar Kalla ya dawo hayyacinsa sosai, a gadon likita, da robar iska a hanci. A dama Hafsa, idanu sun kumbura. A hagu Baba Alƙasim a kan kujera, kai ba rawani, toka har a gira. A bakin ƙofa Auwalu yana cin tsire a takarda.

Majo, ma'aikacin jinya, ya leƙo da alƙalami. "Yana da asurans?"

"Ni ke da shi," in ji Hafsa. "Bai hau kansa ba."

"Mijinki ne?"

Ta kau da kai. Majo ya dubi fuskoki, ya gane ya taka wani abu, ya ce zai dawo.

Baba Alƙasim ya ɗaga famfon da yatsa biyu.

"Kai. Wanga abu, a hannunka munka ishe shi."

"E, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun... wajen dami na tsakiya."

"Shi na maganin?"

"Shi ne."

"To, don mi ba ka sha ba?"

Kalla ya dubi silin. Ya dubi robar ƙarin ruwa. Babu wanda ya kawo masa agaji.

"Kana kallona, Baba."

"In ina kallonka fa?"

"Ba a sa abu a baki... a gaban suruki."

Har Auwalu ya dakata da tauna, da tsinken tsire a tsakanin haƙora.

"Wa yac ce maka ni surukinka na?" in ji tsohon a hankali.

"Babu, Baba. Na dai ce... kada in fara da rashin kunya."

Nan Hafsa ta fashe. Ta manta a gaban wa take.

"Kunya! Kun ji ko? Kunya! Na bar taro, na bar aikina, na yi ihu a gaban baƙi kamar mahaukaciya, saboda mutum yana riƙe da ransa a tafin hannu yana jin kunya! Baba, kai kuma ka san yana da fuka ka bar shi ya shiga toka! Gwaggo na yi masa hayaƙi, kai kana yi masa ƙaiƙayi, shi kuma yana taya ku! Ni kaɗai ce a duniyar nan nake so mutumin nan ya yi numfashi? Har shi kansa ba ya so!"

"Hafsatu," in ji tsohon.

"Na yi shiru, Baba." Ba ta yi ba, ta dai koma yi a cikin mayafi.

Salularta ta yi ƙara. Ta duba, ta share fuska, ta amsa da Faransanci, murya ƙasa-ƙasa. Da ta kashe sai ta zauna a bakin gadon.

"Mi yac ce?" in ji mahaifinta.

"Diraktar ne. Ya ce konjen jinya na iyali ne. In wanda ke kwance iyalina ne, in kawo shaida daga meri, ofishin magajin gari. In ba iyalina ba ne, in zo gobe in kwashe kayana."

"Wace shaida?"

Ta sunkuyar da kai. "Ta aure."

Auwalu ya matso, yana goge maiƙo a rigarsa. "Baba, ai wanga ba abin damuwa ba na. Ta bar aikin mana. Ni gidana mace ba ta buƙatar kati." Ya ciro wata tsoka ya jefa a baki.

Baba Alƙasim ya bi tsokar da kallo tun daga takarda har maƙogwaro. Ya daɗe yana kallo. Tun safe yake kallon bakin nan yana aiki: goro, fura, gyaɗa a hanya, yanzu tsire.

"Auwalu, Allah shi saka da alheri, ka kawo muna marar lahiya. Tahi ka ƙarasa cin abincinka waje."

Da ƙofar ta rufe, tsohon ya juyo.

"Kai kuma. An ce min ka rantse ba ka hawa katin ɗiyata."

"Na rantse, Baba. Don a san ba shi nake..."

"Na sani. Mai son kati ba shi mutuwa da magani a hannu. Wawa dai ka yin haka." Ya kakkaɓe toka daga gira. "Za ka hau shi. Ba ni iya shiga rihewa kullum in hiddo mutum, gwiwata ba ta so."

"Rantsuwar fa, Baba?"

"Ka yi kaffara. Ka ciyar da miskinai. Hatsi na nan, kai ka jera shi, ko da yake jerin banza ka yi."

Hafsa ta ɗago kai. Hawayen na nan, amma sun canza hanya.

"Baba... ka yarda ke nan?"

"Ban ce ba tukuna. Gobe in tahi meri in ji ƙaƙa aka yin takardar, shi ke nan abin da nic ce." Ya yi gyaran murya, ya dubi ƙofa, muryarsa ta ragu. "Saura Takawa. Ita ta goye ni. Ni kaina ban taɓa gardama da ita na ci ba. Kuma ta ci goron mutane."

Kamar an kira ta.

Ba a ji takunta ba tukuna, ba a ji muryarta ba. Ƙamshin ne ya riga ta, kamar kullum: turaren wuta mai kauri, wanda ya kama zanenta da mayafinta tun shekaru, ya biyo baranda ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa.

Ƴar sarewar ta farka a ƙirjin Kalla.

Hafsa ta fizge famfon daga hannun mahaifinta, ta girgiza, ta danƙa masa. Kalla ya riƙe. Ya dubi famfon. Ya dubi tsohon.

"Mushe," in ji Hafsa ta cikin haƙora, "wallahi in ka sake, ni zan ƙarasa ka."

Bai motsa ba. Sarewar ta ƙara tsawo.

Baba Alƙasim ya dube shi, ya dubi sama kamar mai kai ƙara, ya ja dogon tsaki. Sannan ya miƙe, ya ɗaga kujerarsa, ya juya ta, ya zauna yana fuskantar bango, ƙeyarsa mai toka tana kallon gadon.

"Na juya," ya ce wa bangon. "Sha abinka, surukin wahala."

Fiss.

Iskar ba ta gama sauka a ƙirjin Kalla ba aka turo ƙofa.

"Salamu alaikum," in ji Gwaggo Takawa. "Alƙasim, mi kaka yi da bango?"